Yadda Ma'aikaci Zai Yi Digiri na Biyu a Kimiyyar Kwamfuta ta Intanet Ba Tare da Ya Ajiye Aikinsa Ba

Tun ranar da na yi suɓutar baki na ce ina karatun digiri na biyu a wata jami'ar Amurka, alhali kullum ƙarfe takwas ana ganina a ofis, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: ta ina ake farawa, nawa ake biya, da gaske ba sai an taka ƙasar ba, kuma mai iyali zai iya? Na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda suke bin juna.

Zan yi magana ne a kan shirin da na sani ciki da bai, wato OMSCS, digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet na jami'ar Georgia Tech da ke birnin Atlanta. Tun Janairun 2014 ake gudanar da shi, kwas goma ne, kiredit 30 (uku a kowane kwas), komai ta intanet. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: shiga wannan karatu ba ta da wuya sosai, fita da takarda a hannu ita ce aikin. Kuma tsadarsa ta gaskiya ba a dala take ba, a awannin rayuwarka take. Saboda haka daga awanni za mu fara.

1. Ƙirga awanninka kafin ka ƙirga kuɗinka

Ɗauki takarda da biro, ka rubuta makonka yadda yake, ba yadda kake fata ya kasance ba. Lokacin fita aiki da dawowa, cunkoson hanya, kai yara makaranta, cefane, ɗaurin aure da suna na Asabar da Lahadi, hira a majalisa bayan isha'i. Sannan ka nemo awa 15 a cikin makon nan waɗanda za ka iya bayarwa kowane mako har tsawon shekara uku. Kwas mai sauƙi yakan ci awa goma a mako, mai nauyi yakan kai ashirin ko ya wuce, musamman makon da aikin gida ya haɗu da jarrabawa.

Idan kana ɗaukar kwas ɗaya a kowane zango, kuma akwai zango uku a shekara, za ka gama cikin zango goma, wato shekara uku da 'yan watanni. Jami'ar ta ba da shekara shida a kammala, don haka akwai wurin numfashi.

Kafin ka kashe ko sisi, yi wa kanka gwaji. Wata guda cur, ka zauna waɗannan awanni 15 kana karanta wani abu na fannin. In ka kasa a watan da babu mai bin ka bashin aiki, to ranar da wa'adi ya zo kanka ma ba za ka iya ba, sai dai ka ƙara da asarar dala.

Hattara: kada ka yanke wannan shawara kai kaɗai. Awannin da za ka ɗauka na iyalinka ne. Ka zaunar da uwargida, ko ki zaunar da maigida, a faɗi gaskiyar abin: daren Juma'a da safiyar Asabar sun tafi, na shekaru. 'Yan uwa mata da ke karatun suna ɗauke da kaya biyu, don girki da rainon yara ba su san akwai jarrabawa ba. In ba a yi yarjejeniya tun farko a kan wanda zai riƙe yara ranar jarrabawa ba, rigimar za ta taso a daidai lokacin da ba ki da ƙarfin yin ta.

2. Tabbatar takardar za ta yi maka aikin da kake so

Takardar da ake bayarwa a ƙarshe iri ɗaya ce da ta ɗaliban da suka zauna a Atlanta, ba a rubuta a jikinta cewa ta intanet aka yi ba. Ga mai aiki a kamfani, ko mai neman aikin rubuta manhaja daga gida, wannan ya wadatar.

Amma abubuwa biyu ne mutane ke ruɗin kansu a kai. Na farko, shirin ba ya ba da bizar ɗalibi. Wanda burinsa ya tafi Amurka ya zauna, ba wannan ce ƙofarsa ba. Na biyu ya shafi ma'aikacin gwamnati da malamin jami'a a Najeriya. Takardar waje tana bi ta tantancewar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, kuma hukumar jami'o'i ta NUC ta taɓa fitowa ta nuna rashin amincewa da digirin da aka yi kacokan ta intanet daga waje. In don ƙarin girma a ma'aikata kake so, je sashen kula da ma'aikata, ka nemi izinin karatu, ka kuma sa su rubuta maka a takarda cewa za su karɓi digirin. Maganar baki ta "ai ba matsala" ba ta shiga fayil. In sun ƙi, gara ka duba na gida: Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, ko shirye-shiryen da jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello ke yi wa masu aiki.

Akwai kuma wasu na waje masu kama da shi. Jami'ar Texas da ke Austin tana da nata a kan kimanin dala 10,000. Ta Illinois tana yi ta dandalin Coursera, kwas takwas, amma kuɗin ya ninka haka. Ta Colorado da ke Boulder ita kuma ba ta tambayar takardunka na baya, sai dai ka ɗauki kwasa-kwasan gwaji, in ka ci da kyau ka shiga. Wannan ta ƙarshe tana da amfani ga wanda sakamakon digirinsa na farko bai yi kyau ba.

3. Cike giɓin da ke cikin iliminka

Abin da suke nema shi ne digiri na farko na shekara huɗu, an fi son na kimiyyar kwamfuta ko makusancinsa kamar lissafi da injiniyan lantarki, da matsakaicin maki 3.0 bisa 4.0. A ma'auninmu na 5.0, wannan ya yi kusa da babban mataki na biyu (Second Class Upper). Wanda bai kai haka ba, ko ya karanci wani fanni daban, ba a rufe masa ƙofa ba, ana duba kowa da abin da ya zo da shi. Ba a buƙatar GRE, jarrabawar da wasu jami'o'in Amurka ke nema kafin shiga digiri na biyu. Mai HND ya fara rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ya ji ko za su ƙirga masa ita a matsayin digirin shekara huɗu, kafin ya biya kuɗin fom.

Ga inda ƙwararrun ma'aikata ke faɗuwa. Mutum ya shekara goma yana haɗa hanyoyin sadarwa a banki, ko yana gina shafukan intanet, sai ya ɗauka ƙwarewar za ta tsaya masa. Su kuwa sun faɗa ƙarara cewa ƙwarewar aiki ba ta maye gurbin karatun aji. Hujja suke so a takarda cewa ka karanci tushen fannin.

In ba ka da ita, jami'ar da kanta tana da kwasa-kwasai uku a dandalin edX da ta ba da shawarar a yi: na koyon Python, na Java, da na tsarin ajiye bayanai da algoridim. Ka yi su da takardar shaida, ka zauna jarrabawarsu ta ƙarshe, kada ka tsaya a kallon bidiyo kawai. Na ukun shi ne ƙashin baya. Ka ware wata shida zuwa tara a wannan mataki in daga wani fanni ka fito.

Ko da kana da digirin kwamfuta, in an shekara takwas da gamawa, koma ka wanke lissafi: aljabarar matris, lissafin yiwuwa, da ɗan kalkulas, musamman in fannin koyar da na'ura kake hari. In kuma ɓangaren tsarin kwamfuta ne, zauna da harshen C har sai ma'ajiyar ƙwaƙwalwa ta daina ba ka tsoro. Ka saba da Git, manhajar adana sauye-sauyen abin da ka rubuta, da baƙin allon rubuta umarni na Linux. Babu wanda zai koya maka su a can, ɗauka ake yi ka iya.

4. Tattara takardu, ka fara da mai wuyar samu

Mai wuyar ita ce cikakkiyar takardar sakamakon darussa daga jami'ar da ka gama, wadda muke kira taranskirif. Fara nemanta wata uku ko huɗu kafin ranar rufe fom. Ni na biya kuɗi ta intanet na koma na zauna ina jira, sati bakwai shiru. Ranar da na ɗauki hutun kwana ɗaya na je da kaina, sai na tarar fayil ɗina yana kan teburi a sashenmu, an rasa wanda zai ɗauke shi ya haura da shi bene ɗaya. Na ɗauka da hannuna na kai. Zuwa da kai ya fi saƙo, a nan kam babu ja.

A lokacin cike fom, kwafin da ka ɗora ya isa. Sai an ɗauke ka za a nemi na hukuma, wanda jami'arka za ta aika musu kai tsaye. Saboda haka tun zuwan farko ka tambayi yadda suke aikawa waje, da nawa ne, ka karɓi lambar wanda ke wannan teburin.

Hattara da suna. In digirinka ya ce Muhammad, fasfo ya ce Mohammed, katin ɗan ƙasa kuma ya sa sunan garinku a ƙarshe, gyara ko ka yi takardar rantsuwa a kotu yanzu. Ka cike fom da sunan da ke kan fasfo, harafi da harafi, don shi za ka nuna wa kyamara a kowace jarrabawa.

Sai wasiƙun shaida guda uku. Nemi mutanen da suka ga aikinka na fasaha da idonsu: malamin da ya duba furojet ɗinka na ƙarshe, shugabanka a wurin aiki, babban injiniyan da kuka yi aiki tare. Wasiƙar babban mutum mai muƙami wanda bai taɓa ganin layi ɗaya da ka rubuta ba, ba ta da nauyi a wurinsu, ta ɗan uwa ko aboki kuwa ba a ma son ta. Jami'ar ce za ta tura wa kowannensu imel ya ɗora wasiƙar da kansa. Ka sanar da su tun da wuri, ka tura musu taƙaitaccen tarihin aikinka don su tuna, ka kuma roƙe su su leƙa akwatin tarkacen imel, don can saƙon yakan faɗa. Ka tanadi mutum na huɗu a gefe. A cikin uku, da wuya a rasa wanda zai yi tafiya ko ya manta.

Batun Turanci: jami'ar tana da jerin ƙasashen da take yafe wa gwajin harshe, Najeriya da Gana suna ciki. Wanda ya yi karatu da Faransanci a Nijar ko Chadi, ko da Larabci, sai ya zauna TOEFL ko IELTS, kuma makin da shirin ke nema yana da yawa. Banda jarrabawa, wasu kwasa-kwasan rubutu ne zalla, shafi takwas ko goma kowane 'yan makonni, don haka a ɗauki Turancin da gaske.

5. Cike fom

Sau biyu ake ɗauka a shekara. Mai son farawa a Agusta, fom yana rufewa a farkon Maris. Mai son Janairu, a tsakiyar Agusta. Kuɗin fom yana wajen dala ɗari, kuma ba a mayarwa.

A wuraren da aka ce ka yi bayanin kanka, bar labarin yadda kake son kwamfuta tun kana yaro. Rubuta kwasa-kwasan da ka yi, a ina, da wane maki, harsunan da ka iya, da abin da ka gina da su. In akwai tabo a sakamakonka, ambace shi a jimla ɗaya, ka nuna abin da ka yi daga baya don gyarawa. Daga nan sai haƙuri, amsa takan ɗauki makonni da dama bayan rufewa.

6. Shirya kuɗi da hanyar biyansu

An san shirin da farashin kusan dala 7,000 gaba ɗaya. An daɗe ana biyan dala 180 a kowane kiredit, wato dala 540 a kwas ɗaya, da wani ƙaramin kuɗi na kowane zango. An yi ƙari a 'yan shekarun nan, amma jimillar tana nan ƙasa da dala 10,000. Ka buɗe shafin ofishin kuɗi na jami'ar ka ga farashin zangon da za ka shiga. Daɗin abin, ba a dunƙule ake biya ba, zango-zango ne, gwargwadon abin da ka ɗauka.

Matsalarmu ba farashin ba ce, canji ne. Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya fara karatu da lissafin albashinsa na naira, ya wayi gari kuɗin makarantarsa ya ninka uku ba tare da jami'ar ta ƙara ko kwabo ba. 'Yan uwanmu masu sefa sun fi mu kwanciyar hankali a nan, tunda kuɗinsu a ɗaure yake da yuro. Shawarata ga mai naira: buɗe asusun dala a bankinka, duk wata ka sayi kaɗan ka zuba, kuma kada ka fara sai kana da kuɗin zango biyu a ajiye.

Kada ka dogara da katin naira. Bankuna sukan sa masa iyaka a sayayyar waje, wani lokaci su rufe gaba ɗaya. Katin asusun dala ya fi tabbas, ko da yake biya da kati yana da ƙarin caji na kusan kashi uku cikin ɗari. Akwai kuma hanyar tura kuɗi ta ɗaliban waje, wadda takan ɗauki kwanaki kafin ta isa.

Hattara: wa'adin biya yana zuwa ne jim kaɗan bayan fara zango, kuma in ya wuce ana soke rajistar mutum. Kujerar da ka sha wahala ka samu sai ta tafi. Biya da zarar ka yi rajista, kada ka bari sai ranar ƙarshe ka je kana roƙon ma'aikacin banki.

Kafin nan, leƙa takardar sharuɗɗan aikinka. Wasu kamfanoni suna da kason horar da ma'aikata wanda ba kowa ke tambaya ba. In za su biya, karanta sharaɗin shekarun da za su ɗaure ka da su kafin ka sa hannu.

7. Kayan aiki

Laftof mai Windows ko Mac, da kyamara da makirufo masu aiki. Ni ina ganin ƙwaƙwalwa (RAM) gig 16 ita ce daidai, don wasu kwasa-kwasan za su sa ka kunna wata kwamfutar a cikin taka. Kada ka yi amfani da ta ofis: sau da yawa an kulle ta yadda manhajar sa ido a jarrabawa ba za ta hau ba, kuma ranar da ka bar aikin ta tafi da duk karatunka.

Intanet layi biyu, na kamfanoni daban-daban. Wuta kuwa, ba sai ka haɗa sola ta miliyoyi ba. Ƙaramar inbata ko batirin da zai riƙe laftof, na'urar intanet, ƙwan fitila ɗaya da fanka na awa huɗu ya isa. Fitilar ba ado ba ce, in fuskarka ta yi duhu a tsakiyar jarrabawa, manhajar za ta sa maka alama. Bidiyon darussa kuma ka sauke su da dare lokacin da data ke araha, ka riƙa saurare a hanya.

8. Rajistar farko: kwas ɗaya tak

Sababbin ɗalibai su ne na ƙarshe a layin rajista, ana buɗe musu ne dab da fara zango, lokacin da tsofaffi sun cinye kujerun kwasa-kwasan da aka fi so. Don haka ka shiga da jerin guda huɗu ko biyar da za ka iya ɗauka. In wanda kake so ya cika, shiga layin jira. Idan kujera ta samu za a turo maka imel, kuma awa 12 kawai gare ka ka karɓa. Saƙon yana iya shigowa ƙarfe biyun dare agogonmu, saboda haka ka duba imel kafin ka kwanta da kuma bayan sallar asuba. Ranar Juma'ar makon farko ana share layin jira, duk kujerar da ta faɗo ta mai saurin hannu ce.

Ga doka mafi muhimmanci a shekarar farko: dole ka ci kwas biyu daga cikin waɗanda suke kira na tushe, kowanne da B ko sama, a cikin wata 12 na farko. Saboda wannan dokar, zangon farko ba wurin nuna bajinta ba ne.

Ni na nuna. Na ɗauki biyu a zangon farko, na ce ai na saba aiki da matsi. A mako na shida aikin C na kwas ɗin Graduate Introduction to Operating Systems ya haɗu da rahoton ɗaya kwas ɗin, ga kuma binciken ƙarshen wata a ofis. Na tuna ina zaune a tabarma ƙarfe ukun dare, laftof a kan kujerar tsugunno, ƙaramar 'yata ta farka tana kuka, ni kuma ina kallon saƙon kuskure guda ɗaya da na kwana uku ban gane ba. Washegari na janye daga ɗayan, kuɗinsa ya bi ruwa. Taura biyu ba ta taunuwa, ni da kuɗina na sayi wannan karatun.

Kafin ka zaɓa, karanta sharhin ɗalibai a shafin OMSCentral, inda suke rubuta wahalar kowane kwas da awannin da ya ci musu. Ka fi ba sharhin baya-bayan nan muhimmanci, don ana sauya tsarin kwas. Mutane da yawa suna farawa da Machine Learning for Trading, ko Human-Computer Interaction ga mai ƙarfin rubutu, ko Computer Networks. Ka duba kuma fannin da za ka ƙware a kai tun yanzu, ko tsarin kwamfuta, ko koyar da na'ura, ko ƙirƙirarriyar basira, ko mutum-mutumi, ko hulɗar mutum da kwamfuta. Kowanne yana da kwasa-kwasan dole, kusan rabin goman ko fiye, sauran kuma zaɓinka ne.

9. Tsara mako, ka kuma gane agogonsu

Ranar farko, buɗe manhajar kwas, ka kwashe duk wa'adin ayyuka da jarrabawa ka zuba a kalandar wayarka da agogon garinku. A nan ake yin kuskuren da ya fi ciwo. Wasu kwasa-kwasan suna bin agogon Atlanta, wanda ke bayan na Kano da Yamai da awa biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa shida a sauran watanni. Wasu kuma suna bin abin da suke rubutawa AoE, agogon wuri na ƙarshe da rana ke faɗuwa a duniya. In aka ce 11:59 na daren Lahadi da wannan agogon, a wurinmu 12:59 ne na ranar Litinin. Kada ka ɗauka duk kwas iri ɗaya ne, duba kowanne. Ni dai na sa wa kaina doka, daren Asabar nake miƙa aiki, ko me agogonsu ya ce.

Lokacin da ya fi yi mini albarka shi ne bayan asuba zuwa bakwai, kafin gida ya tashi. Awa ɗaya da rabi kullum, sai dogon zama ranar Asabar. Karatun bayan an dawo daga aiki a gajiye, rabinsa gyangyaɗi ne. Fara kowane aiki ranar da aka sake shi, ko da karanta umarnin ne kawai, don kan mutum yana ci gaba da tauna matsala ko yana cikin Keke Napep. Kuma kullum ka leƙa zauren tattaunawar aji. Mataimakan malamai a can suke gyara umarni, kuma tambayar da ta hana ka barci, galibi wani ya riga ya yi ta an amsa masa.

Ka dubi kalandarmu ma. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a cikin zangon Janairu, ga zafin Maris da Afrilu a bayansa. Kwas mai sauƙi ya dace da wannan zango. Zangon da ke farawa a Mayu gajere ne, ana cusa aikin wata huɗu a ƙasa da wata uku, kuma kwas ɗaya ake ɗauka. Kada ka kai mai nauyi can. In shekarar ta zo da aure, haihuwa ko aikin Hajji, ɗauki hutun zango ɗaya, sai dai ka sani in ka jera zanguna ba ka yi rajista ba, sai ka sake neman izinin komawa.

10. Jarrabawa da amanar aiki

Ana sa ido a jarrabawa ta manhajar Honorlock a kan Chrome. Za ka nuna katin shaida, ka zagaya da kyamara ta ga ɗakin da teburin, sannan ta ɗauki hotonka da sautinka har ka gama. Yawanci ana ba da tazarar kwanaki ka zaɓi lokacin da ya yi maka. Akwai gwajin somi-somi a farkon zango, yi shi a ɗakin da za ka zauna, da laftof ɗin da za ka yi amfani da shi.

Zaɓi lokacin da gida ya yi tsit. Kulle ƙofa, ka gaya wa kowa cewa ko sallama aka yi ba ka nan. Ka kauce wa lokacin kiran sallah in masallaci na jikin gidanku, ka kuma kauce wa yammacin damina da hadari ya haɗo. Tun farko ka ɗora komai a kan batiri, don sauyawa daga wutar gari zuwa janareta yana kashe na'urar intanet. In duk da haka layi ya yanke, koma da sauri, ka rubuta wa malaman kwas a take da bayanin lokacin da abin ya faru.

Hattara, kuma wannan ba wasa ba ne: ana bi da duk abin da ka miƙa ta manhajar gano kwafe, ana gwada shi da na ɗaliban yanzu da na shekarun baya da abin da ke intanet. Al'adarmu ta "turo mini naka in gani" tana iya kai ku duka biyu gaban ofishin ladabtarwa, mai bayarwa da mai karɓa. Kowane kwas yana da dokarsa a kan amfani da ChatGPT da ire-irensa, wani ya yarda da sharaɗi, wani ya hana sam. Karanta dokar a makon farko. Kada kuma ka ɗora aikin aji a buɗe a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ko bayan ka gama kwas ɗin.

11. In ruwa ya kusa cin ka

Akwai ranar ƙarshe ta janyewa, bayan tsakiyar zango. Wanda ya janye kafin ranar, harafin W ake rubuta masa, kuma ba ya taɓa matsakaicin maki. Ana buƙatar 3.0 kafin a yaye mutum, kwasa-kwasan dole na fanninka kuma sai da B, don haka W ɗaya ta fi maki mara kyau sauƙin ɗauka. Mako guda kafin ranar, zauna ka lissafa makinka da gaskiya. Game da kuɗi, ana mayar da wani kaso ne kawai in ka janye daga duk abin da ka ɗauka a zangon. Mai kwas biyu da ya ajiye ɗaya ba ya samun komai, kamar yadda na gani a jikina. Ka kuma tuna agogon wata 12 na kwasa-kwasan tushe bai tsaya don ka janye ba.

12. Dutsen ƙarshe da neman yaye

Yawancin fannoni sai an bi ta Introduction to Graduate Algorithms, lambarsa CS 6515. Kujerarsa tana da wuyar samu, shi ya sa mutane da yawa sai a ƙarshe suke ɗaukarsa, kuma mafi yawan makinsa a jarrabawa yake. Ba rubuta manhaja ake gwadawa ba, tsara mafita da bayyana dalilinta a rubuce ake so, cikin salon da malaman suka shimfiɗa. Wanda ya saba a ofis yana gwadawa har abu ya yi aiki, a nan yakan sha mamaki. Fara atisaye da biro da takarda wata biyu kafin zangon, ka halarci zaman bita na mataimakan malamai ko ka kalli naɗinsa, ka kuma rubuta amsa yadda suka ce a rubuta, ko da kana ganin taka hanyar ta fi. In ka samu kujera a kwas na bakwai ko na takwas, karɓa, don in bai yi kyau ba kana da sarari ka maimaita ba tare da ya riƙe maka yaye ba.

Yaye kuma ba ya zuwa da kansa. Tun zangon da ke gaban na ƙarshe ake cike fom ɗin neman yaye, a miƙa jerin kwasa-kwasai goman don a tabbatar sun cika sharuɗɗan fanninka. Imel ɗin masu ba ɗalibai shawara yana zuwa da ranakun, kada ka bar shi a cikin waɗanda ba a buɗe ba. Ka gyara adireshinka a shafin ɗalibai zuwa inda saƙo ke isa da gaske, ofis ya fi gidan da ba shi da lamba, don ta gidan waya takardar za ta zo. Mai hali da biza yana iya zuwa Atlanta ya sa rigar yaye tare da sauran ɗalibai. Wanda kuma zai kai takardar ma'aikatar gwamnati, ya nemi taranskirif na hukuma daga jami'ar tun a lokacin, ya haɗa da takardar izinin karatun nan da ya karɓa a mataki na biyu, ya kai su tantancewa tare.